Tulun da Ke Kusurwar Zaure

Asabar, bayan azahar, tsakiyar Rajab

Yau ma jirgin ƙasan nan na wasa ya faɗi. Ina haɗa masa wutar batir ya zabura kamar ɓeran da aka buɗe wa rumbu, ya zo kwana ya kife, taragunsa suka bi shi. Na ɗaga na hure masa ƙasa.

Matata Balki ta leƙo zaure ta ce, "Malam, jama'a na neman abin sawa a baki, kai kana kiwon ƙarfe." Na ce mata ƙarfe muka gada, ni da ubana da kakana, a nan Birni muke ƙera wa mata mundaye tun ba a haife ta ba. Ta ce to in dafa mana mundayen mu ci.

Ba ta yi ƙarya ba. Bana ba mai ba da aikin munduwa, mata nasu ma suke kawowa a saya. Shi ya sa na fito da jirgin nan daga adaka. Nasaran kantin gyaɗa ne ya bar mini shi da zai koma ƙasarsu, na ɗansa ne, na taɓa liƙe wa jirgin ƙafa da dalma. Kai guda, taragu, da hanyar ƙarfe da ake haɗawa ta zagaye tabarma.

A layinmu ni kaɗai na taɓa ganin jirgin ƙasa na gaske, a Kano, shekarar da na bi motocin gyaɗa. Ba haka yake tashi ba. Sai ya yi tari, ya ja jiki kamar tsoho zai miƙe daga buzu, sannan ya kama hanya. In zai tsaya ma tun daga nesa yake rarrashin kansa. In na nuna wa mutane wannan mai gudun hauka na yi musu ƙarya. Ba wanda zai gan shi sai ya koyi tafiya.

Litinin, da hantsi

Na samo mataccen dutsen guga na lantarki a wurin masu gwangwan, na zare siririyar wayar cikinsa na naɗa a kan katanga ta fasasshen tulu. In na taɓa wuta a farkon naɗin jirgi ya gudu, in na matsa baya ya rage. Amma tsalle yake yi daga gudu zuwa tsayuwa, ba tsakiya. Wayar kuma ta yi ja ta cinye mini fatar babban yatsa.

Ba hadari. Mutanen ƙauye sun ƙaru a bayan gari, da tabarmi da tukwane. Ba labarin Yaya Hajara daga Tirmini. Tun da ɗanta Ali ya tafi kudu cin rani aka rufe iyaka, ita kaɗai ce a gidan.

Laraba, bayan la'asar

Na kai batir gareji a ƙara masa wuta, sai na ga abin da ya hana ni zama. Mai walda yana da ganga cike da ruwan gishiri, wayoyi biyu sun shiga ciki, kowace da ƙarfe a bakinta. In yana son wuta ta yi ƙarfi ya nutsa ƙarfen, in yana son ta yi laushi ya ɗaga. Na tambaye shi, ya ce, "Baba, ruwan ne ke riƙe mata linzami."

Tun a hanya na gama ƙera abin a kaina. Faranti biyu na jan ƙarfe. Ɗaya ya kwanta a gindin tulu, ɗaya ya rataya a kan sanda, irin jigon da masu lambu ke ɗiban ruwa da shi, amma ɗan ƙarami. In na danna jigo jirgi ya tafi, in na saki ya lafa.

Saura ruwa.

Garuwa guda Mai Nasara ke kawo mana a yini, shi ma sai ya yi sammakon layi a famfo. Balki ke rabawa da moɗa: na sha, na tuwo, na alwala. Da na taɓo mata zancen ta ce, "Ko ɗigo. Wallahi Malam, ko ɗigo ba za a ba abin wasa ba." Na ce to.

Na alwalata nawa ne. Zan riƙa tarawa, in yi taimama.

Juma'a, bayan saukowa daga masallaci

Ya tafi!

Na narka tsofaffin mundaye biyu na buga su suka yi faɗi. Na fasa kantun gishiri na zuba a abin da na tara, na motsa. Da farko shiru. Na ƙara gishiri. Ina danna jigo a hankali sai na ji jirgi ya yi gurnani, ya ja ƙafa, ya ja, sannan ya miƙe. Ya zo kwanar nan da ta saba kayar da shi ya wuce ta da mutunci. Na ɗaga hannu ya rage, ya rage, ya tsaya daidai gaban gwiwata. Sai da na yi hawaye, ni da gemuna. Haka na gasken ya shigo tasha a Kano, wallahi haka.

Ruwan yana ɗan tafasa a jikin farantan ba tare da zafi ba, yana wani wari. Na rufe tulun da faifai na tura shi kusurwa, inda randar baƙi take zama zamanin Babanmu. Balki ba ta shiga can.

Liman ya yi huɗuba kan amana. Na yi salla da taimama, ruwa na ɓoye a zaurena.

Talata, da hantsi

Ruwan ya koma kore, farantan sun yi kumfar tsatsa, jirgi ya fara nauyi. Na ciro su zan kankare. Batir ma ya yi sanyi. Jibi in kai shi gareji.

Alhamis, da almuru

Yaya Hajara ta zo.

Ba na nan. Ina gareji. Da ma ban je ba.

Na dawo na tarar da takalmanta a bakin zaure, sun cinye har ba dunduniya. Tana zaune a tabarmata, ta rame har sai da na dubi idonta kafin na gane ta. Da ƙafa ta taso daga Tirmini, wani mai amalanke ya rage mata hanya. Akuyarta ta ƙarshe ta mutu, rijiyarsu ta koma laka.

Ta ce, "Auta, ka tsufa." Na ce ai ita ta riga ni. Ta yi dariya. Shekara saba'in da wani abu ina Alkasum a bakin kowa, ita har yau Auta.

Balki na gefe tana murna. Ta ce, "Malam, Allah ya rufa mana asiri. Yaya ta iso randa ba ko ɗigo, Mai Nasara bai zo ba, na rasa inda zan sa kaina. Baƙuwa daga tafiya, a ce ba ruwan sannu da zuwa? Sai na ga tulu a kusurwa. Ashe ka yi mana ajiya."

Na dubi kusurwa. Faifan yana ƙasa. Moɗa na kife a bakin tulun.

Na ce, "Ta sha?"

Ta ce, "Moɗa biyu."

Zauren nan duhu ne ko da rana tsaka. Ba a ganin launin abin da ke cikin tulu.

Na ce sannu da hanya, Yaya. Na tambaye ta mutanen Tirmini ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda na san sun mutu. Da suka shiga ciki na ɗauki tulun na zagaya bayan katanga.

Juma'a, da sassafe

Amai tun jiya bayan magariba. Sannan zawo. Tana riƙe ciki tana cewa ba komai, gajiya ce.

Balki ta same ni a zaure ta ce, "Malam, ruwan tulun nan na ina ne?"

Na ce na Mai Nasara ne, ragowar na shekaranjiya.

Haka na ce. Bakina ne ya faɗa, ba wanda ya matsa mini.

Mai Nasara ya zo da garuwarsa, ya ga halin da ake ciki, ya ajiye ya ruga ya aro amalanken maƙwabta. Shi ya tura ta har gidan likita, yana haki yana cewa, "Sannu Inna, mun kusa." Balki na biye da su.

Asabar, azahar

An sa mata ƙarin ruwa. Ban taɓa jirgin ba.

Lahadi, bayan la'asar

Gidan likita ya cika, har ƙarƙashin bishiya mutane ne kwance. Likitan yaro ne, idonsa ja don rashin barci. Ya ce ciwon nata bai yi kama da na sauran ba. Ya ce, "Baba, me ta ci, me ta sha?"

Balki ta riga ni. Ta ce ruwan ɗan garuwa ne, wa ya san inda ya ɗebo, wataƙila tabki.

Ya dube ni. Na dubi robar da ke ɗiga a hannun Yaya. Na ce ni ba na nan lokacin.

Wannan gaskiya ne. Ba na nan.

Yaya ta buɗe ido ta dube ni ta rufe.

Na san sunan kowane maƙeri da ya zauna a layinmu tun zamanin kakan kakana. Na san shekarar da fara ta sauka, na san shekarar da aka ci dusa, na san gidan da ya ciyar da wane. In an yi musu a kan iyakar gida ni ake kira, a ce Alkasum ba ya ƙari ba ya ragi. Yau an yi mini tambaya guda.

Talata, da hantsi

Magana ta bi layi. Balki ta faɗa wa mace ɗaya, yanzu ba gidan da ke karɓar ruwan Mai Nasara. Na gan shi ya wuce da garuwa cike, ya dawo da ita cike. Ruwan da mutane ke kwana layi a kansa.

Ya tsaya a ƙofata ya sauke sandar daga kafaɗa. Ya ce, "Baba, kai ka san ni. Shekara nawa ina shigo maka? Na taɓa kawo na tabki?"

Na ce ban taɓa gani ba.

Ya ce, "To ka faɗa musu mana. In kai ka faɗa an gama."

Na ce ya yi haƙuri, komai zai wuce.

Ya ce, "'Ya'yana uku, Baba, haƙuri za su ci?" Ya tambayi jikin Inna, ya ɗauki sandarsa.

Bayan katanga, inda na zubar, ƙasar ta yi kore. Na tura mata yashi da ƙafa.

Laraba, azahar

Na je don in faɗa wa likita. Na zauna a benci. Na dawo.

Alhamis, la'asar

Ba hadari. Ban taɓa jirgin ba.

Asabar, farkon Sha'aban, bayan azahar

Sun sallame ta. Ba don ta warke ba, gadon ake so. Amai ya tsaya amma ba abin da ke zama a cikinta sai ɗan kunu, idonta ya yi rawaya. Likita ya ce jikin da ma yunwa ta gama da shi, abu kaɗan ya ishe shi.

Abu kaɗan.

Mun shimfiɗa mata a ɗakin da aka haife mu. Ita ta goya ni a ɗakin nan da Innarmu ta rasu. Ita ke tauna mini gyaɗa ta sa mini a baki. In na ɓata wa Baba aiki ita ke cewa ita ce ta taɓa.

Litinin, da hantsi

Yaya ta aiki Balki ta kira ni. Ta ce Balki ma ta zauna.

Ta ce, "Auta, ɗan garuwar nan da ya tura ni, ina yake? Ban ƙara jin sallamarsa ba."

Balki ta ce ai an daina sayen ruwansa, tunda shi ya jawo.

Yaya ta juya ta dubi Balki. Sannan ta ce, "Balki, ni 'yar maƙeri ce. Tun ban yi haƙori ba nake tsotsar mundaye a gidan nan. Kya ce ban san ɗanɗanon jan ƙarfe ba? Ruwan famfo ba ya gishiri, ba ya kama harshe. Auta, me ka jiƙa a tulun?"

Ban iya ɗaga kai ba. Na faɗa. Faranti, gishiri, jigo, jirgi. Da na zo kan ruwan alwala Balki ta sa hannu biyu ta rufe baki.

Ta ce, "Malam. Da hannuna na ba ta. Ka bar ni na ɗora wa bawan Allah. Ka tsaya gaban likita ka..." Ba ta ƙarasa ba.

Na ce, "Yaya, tunda kin ji, don me kika sha?"

Ta ce, "Moɗar farko ƙishi ne ya sha, ban ji komai ba. Ta biyu ni na sha. Na shigo gidan ubana, matar ƙanena ta durƙusa ta miƙo mini ruwa tana murna, ruwan da na san ba ku da shi. In tofar? A ce Hajara ta raina ruwan gidansu? Na zaci kanwa ce ta yi yawa, da ɗan tsatsa. Sai da cikina ya juya na ce, wannan aikin Auta ne."

Na ce yanzu zan fita in tara layi in faɗa, in koma wurin likita.

Ta ce, "Zauna. Likita ka makara. Layi kuma, ka faɗa don ka ji sanyi, gobe magana ta kai kunnen Ali, ya dawo ya rasa uwa ya rasa kawu? Wa ya rage masa? Ba za ka faɗa ba. Ba yau ba, ba bayan raina ba. Kai mai son ba da labari, wannan ka riƙe shi."

Na ce, Mai Nasara fa?

Ta ce, "Wannan nawa ne. Ku kira mini shi gobe. Kuma tunda na sha ruwan jirgin nan, a nuna mini shi. Ina son in ga abin da Ali zai hau."

Balki ta ajiye mini tuwo yau ba ta ce ga shi ba.

Talata, bayan la'asar

Mun fito da ita ƙofar gida, ni da Balki, muka jingina ta da bango a lokacin da mata ke zirga-zirga. Mai Nasara ya zo yana ɗari-ɗari. Ta ɗaga murya iya ƙarfinta ta ce, "Ɗana, zubo mini. Ciwona daga Tirmini na taho da shi, lakar rijiyarmu ce. Wa ya ce naka ne?" Ta sha a gaban kowa. Ta miƙa wa Balki ta sha. Ta miƙo mini.

Kafin ya bar layin gida biyu sun kira shi.

Na bi shi na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na me, Baba?" Na ce ya dai yafe. Ya ce ya yafe duniya da lahira, ya tafi yana sauri kada a riga shi famfo.

Sannan zaure. Na zuba rabona na sha na yau a tsohuwar tasa, buɗaɗɗiya, kowa na gani. Tulun ban ƙara taɓa shi ba. Na sa gishiri, na maida farantan, na haɗa hanya a kan tabarma. Balki ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba, ba ta tafi ba.

Yaya ta ce, "Wannan ɗan abin? Kai Auta. Na zaci ya kai akuya."

Na ce na gasken ya fi layinmu tsawo. Ta ce ƙaryata ke nan tun ina yaro. Na ɗora hannunta a kan jigon na ce ta danna a hankali. Ta danna da ƙarfi, ya zabura ya kife. Ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce ashe shi ma ɗan gidanmu ne, ba ya jin magana.

Karo na biyu ta iya. Ya yi gurnani, ya ja, ya miƙe. Ta bi shi da ido yana zagaye. Ta tambaye ni ina mutane ke zama, ana ba su ruwa a ciki, in dare ya yi fa. Na faɗa mata duk abin da na gani a Kano, ban ƙara ba ban rage ba. Sai ta fara sassauta hannu da kanta. Ya rage, ya rage, ya tsaya a gaban ƙafarta.

Ta ce, "To, nan Ali zai sauka." Ta daɗe tana duban ɗan taragon. Sannan ta ce, "Ya yi kyau, Auta. Ka iya. Zubar da ruwan nan yanzu ina gani."

Na zubar.

Juma'a, azahar

Kunun ma ya daina zama. Na ba wani direba mai bi ta daji saƙo, ko Allah zai sa ya kai ga Ali.

Lahadi, bayan azahar

Yaya ta cika da hantsi. Balki na riƙe da kanta.

An kai ta kusa da kabarin Babanmu. Mutane na ta cewa yunwa da tsufa, bana haka ake tafiya. Ina cewa haka ne. Mai Nasara ya kawo ruwan wankanta, ya ƙi karɓar komai.

Laraba, la'asar

Na maida jirgi adaka. Jigon ya ƙi shiga, na bar shi a jingine.

Na tambayi likita ko da a ce mutum ya sha wani abu, da an san shi da wuri, da an yi wani abu. Ya ce, "Wane abu, Baba?" Na ce a'a, tambaya ce. Ya ce shi bai san gaibu ba.

Asabar

Balki ta ce mini ga tuwo.

Alhamis, jajibirin azumi, da almuru

Ali ya iso.

Saƙon ya same shi, ya biyo ta daji, kwana da kwanaki. Ya fara zuwa Tirmini ya tarar da gida a rufe. Ya shigo zaure ƙafafunsa sun fashe, leɓensa ya bushe ya yi fari. Ya durƙusa ya ce, "Kawu." Ya dubi fuskata ya gane. Ya kifa kai a gwiwata, babban mutum da shi.

Balki ta kawo ruwa daga randa ta durƙusa ta miƙa masa. Ban san lokacin da hannuna ya tare moɗar ba. Na kai ta bakin ƙofa inda haske yake na duba. Na kurɓa, na juya a baki, na haɗiye. Sannan na ba shi.

Ya dube ni. Ba a yi wa baƙo haka, ya sani na sani. Ya ce, "Kawu, lafiya?"

Balki ta ce, "Sha, ɗana. Haka yake yi yanzu. Tsufa ne."

Ya sha moɗa biyu. Ya tambayi me ya same ta. Na ce yunwa da tsufa. Ya tambaya ko ta sha wuya. Na ce ta yi dariya ana saura kwana kaɗan, har tari ya kama ta. Ya ce me ya ba ta dariya. Na ce jirgin ƙasa na nuna mata, na wasa, ta tsayar da shi da hannunta ta ce nan za ka sauka.

Ya sake yin kuka. Da ya lafa ya ce, "Allah ya saka maka, Kawu. Da ba ta zo gidanka ba da ita kaɗai za ta mutu a can." Ya ga jigon a jingine ya shafa shi ya ce, in an kwana biyu, in na samu hali, yana son in nuna masa yadda ta yi.

Na ce to.

Ya shiga ciki. Balki ta ɗauki moɗar ta tsaya a kaina kaɗan, sannan ta bi shi.

An ce an ga wata. Gobe za a tashi da azumi.